Ambaliya: Da Rani Ake Tare Ruwan Damina

Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta 2024 sama ta buɗe a kan birnin Maraɗi, aka yi ruwan da ya kai milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi. Gidajen ƙasa suka zube, tituna suka zama ƙoramu, hukuma ta ba da sanarwar rasuwar mutum 15, Allah ya jiƙansu. Kwana huɗu bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe mutane na kallo. Kafin daminar ta ƙare ƙasarmu ta rasa rayuka kusan 400, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka shiga halin neman taimako, aka ɗaga komawar ƴan makaranta zuwa 28 ga Oktoba domin azuzuwa sun zama mafakar waɗanda suka rasa muhalli.

Duk gidan da muka shiga jaje a lokacin magana ɗaya muke ji: ikon Allah ne. Haka yake, babu mai iya hana girgije zubar da abin da ya ɗauko. Amma hanyar da ruwan zai bi bayan ya taɓa ƙasa, ko ya faɗa magudana ko ya faɗa ɗakin tsohuwa, da hannun mutane a ciki, kuma yawanci an riga an yanke wannan hukunci tun da rani, a ofishin magajin gari, ranar da ake tsara kasafin kuɗi da ranar da ake yankan filaye.

Maraɗi ta san wannan darasi tun kafin a haifi iyayenmu. Tsohon garin a cikin fadamar Gulbi yake. A shekarar 1945 Gulbi ya cika ya ci garin, hukumar Faransa ta lokacin ta mai da mutane bisa tudu, aka shata musu unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Sai dai garin da aka shata a wancan zamani ƙarami ne, ƙidayar 2012 kuwa ta sami mutum fiye da dubu 260 a cikinsa, kuma bai daina faɗaɗa ba. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda a da suke shanye ruwan unguwa, an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Rufin kwano da daɓen siminti sun maye gurbin yashi mai shan ruwa. Ruwan da bai sami wurin kwanciya ba sai ya gangara yamma da gudu zuwa Gulbi, yana yankar ƙasa yana buɗe kwazazzabai a bakin gidajen mutane.

To, wa ke da alhakin tsara hanyar wannan ruwa? Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004, da kuma dokar 2010 da ta tattara ƙa'idojin tafiyar da su, tsabtar gari da titunan cikin gari da tsarin filaye suna cikin ayyukan komin. Kowace komin tana da kundin tsarin ci gabanta na shekara biyar, wanda ma'aikata suke kira PDC, daga cikinsa ake tsamo ayyukan da za su shiga kasafin kowace shekara. Ana fara rubuta kundin ne da zagayen unguwanni da ƙauyuka ana tambayar jama'a buƙatunsu. Mun halarci irin wannan zama, kuma mun ga yadda yake tafiya: wannan ya ce aji, wancan ya ce famfo, mata su ce ɗakin haihuwa, duka kuwa buƙatu ne na gaskiya. Magudanar ruwa ba ta cika samun mai tsaya mata ba, domin ana zaman ne ƙura na tashi, kowa ya manta da watan Agusta.

Ko da an rubuta ta, sauran kuɗi. Asusun komin yana cika ne da harajin kai, da tikitin kasuwa da na tasha, da kason da gwamnatin ƙasa take maido mata daga wasu haraji, sai tallafin da ke bi ta hukumar ANFICT wadda aka kafa a 2008. Abin da ke shigowa albashi da man mota da kuɗin wuta suke fara lashewa. Shi ya sa yankan filaye ya zama saniyar tatsa, domin shi ne hanyar da meri ke samun kuɗi masu kauri a lokaci guda. Kada mu ɗora wa magadan gari laifin su kaɗai: a farkon shekarun 2000 gwamnatin ƙasa da kanta ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. A nan tarkon yake. Filin da aka yanka a kan hanyar ruwa sau ɗaya ake karɓar kuɗinsa, amma kowace damina sai an biya diyyarsa da buhunan shinkafa da tabarmi da barguna, wani lokaci da likkafani. Mai gidan kuma yana riƙe da takarda mai hatimi, ba a iya ce masa ya tashi ba tare da an ba shi wani wuri ba.

Manyan ayyuka kusan duk daga waje kuɗinsu ke zuwa. Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 a ƙarshen 2013 don shirin PGRC-DU, wanda ya gina magudanu da shingayen tare ruwa a garuruwa da dama, sannan a 2022 ya amince da miliyan 250 don shirin PIDUREM. Bikin 18 ga Disamba da ya riƙa zagaya jihohi shi ma ya bar tituna, kamar Maraɗi Kwalliya a 2015. Ba mu raina ko ɗaya. Abin da ya kamata iyalai su sani shi ne mai ba da tallafi gini yake yi ya tafi, yasa da gyara na meri ne. Magudanar da ta ci ɗaruruwan miliyoyi, idan aka bar ta damina biyu babu yasa, yashi da leda za su cika ta har ta daidaita da titi. Dokar hana ledoji marasa kauri tana nan tun 2014, amma wanda ya leƙa lambatun unguwarsu zai ga iyakar inda ta kai. Akwai kuma wani abin takaici da muke gani shekara da shekaru: a ɗauki matasa su yashe magudana a watan Yuni, su tara ƙazantar a bakinta, a rasa kuɗin motar da za ta kwashe, ruwan farko ya mai da ita inda ta fito. An biya kuɗin aiki, aikin kuma bai yiwu ba.

Wani ɓangaren matsalar ma ba a cikin gari yake ba, domin ruwa bai san iyakar komin ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo ta Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Nijeriya. Masana sun daɗe da lura cewa a yankin Sahel ruwan da ke gudu a bisa ƙasa ya ƙaru ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda an sare itatuwa ƙasa ta zama fako ba ta sha. Haka Yamai take karɓar jan ruwan Sirba da Dargol da Gorowal, wanda a Satumba 2020 ya kai kogin mita bakwai a ma'auni ya fasa shingen Lamorde. Haka korin Telwa ya sauko daga duwatsun Ayar ya auka wa Agadas a Satumba 2009. Maganin kuwa a ƙasarmu aka gwada shi aka ga amfaninsa. Tun 1984 aikin Keita, wanda mata suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka, ya nuna yadda jerin duwatsu da ramuka da ƙananan madatsai ke rage gudun ruwa tun daga kan tudu. Manoman jihar Maraɗi da suka koma barin tsiron itace a gona sun yi irin wannan aiki ba tare da sun jira kowa ba. Sai dai komin ɗin karkara da ya kamata ta haƙa rabin wata a faƙonta ita ce mafi ƙarancin kuɗi, birnin da zai amfana kuma ba ya saka sisi a wajen iyakarsa. Doka ta ba komin-komin damar haɗa gwiwa su buɗe asusu ɗaya don aiki ɗaya, kuma a ganinmu ba a taɓa samun aikin da ya fi cancantar wannan dama kamar kwarin da suka yi tarayya a kansa ba.

A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Ko wa ke zaune a kujerar, kasafin komin daga Janairu yake farawa, ana kuma shirya shi ne a watannin ƙarshen shekara, lokacin da tabon ruwa yake jikin bango. Wannan ne lokacin da ya dace masu unguwa da kwamitocin matasa da ƙungiyoyin mata su rubuta takarda su kai meri, su ajiye kwafi. Su tambaya nawa aka ware don yasar magudanu, a wane wata za a fitar da kuɗin, kuma ko kwashe abin da aka yaso yana cikin lissafi. Su tambaya ko sabon yankan filaye ya bar wa ruwa hanyarsa da wurin kwanciyarsa. Mai niyyar sayen fili kuwa kada ya biya da rani. Ya bari sai Agusta, ya je da ƙafarsa washegarin ruwa mai ƙarfi, ya kuma nemi dattijon da ya noma wurin kafin a yanka shi ya tambaye shi inda ruwa yake kwana.