Ko Kun Sani? Lakar Ƙasan Teku Na Riƙe da Tarihin Ƙanƙara

Taurarin ɗan Adam ba su fara auna ƙanƙarar tekun Arktik a kai a kai ba sai wajen 1979. Abin da ya gabaci haka, laka ake tambaya.

A gindin ƙanƙarar akwai ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, ana ce musu dayatom. Ido ba ya ganinsu sai sun yi dandazo sun rina ƙanƙarar ta koma ruwan ƙasa, lokacin da rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu. Wasu jinsuna ƙalilan cikinsu suna haɗa wani maiƙo na daban, wanda Simon Belt da abokan aikinsa na Jami'ar Plymouth a Ingila suka raɗa wa suna IP25 a 2007. Tsirran kan mutu su nutse, ɓawonsu ma ya narke, amma maiƙon yakan kwana dubban shekaru cikin laka. Sai a kafa dogon bututu a zaro lakar, a yayyanka, a auna kowane yanki.

Samun maiƙon a yanki na nuna an yi ƙanƙara a lokacin; rashinsa ne mai ruɗarwa. Ko dai babu ƙanƙara sam, ko kuwa ta yi kaurin da haske bai ratsa ba. Juliane Müller ta Cibiyar Alfred Wegener a Jamus ta raba gardamar da haɗa shi da maiƙon tsirran buɗaɗɗen ruwa: in duka biyun babu, ƙanƙara ce ta rufe ruf. Da haka ita da abokan aikinta suka karanta tarihin shekara 30,000 a mashigin Fram, tsakanin Girinlan da Sibalbad.