Satar Ishara A Wasan Besbol: Wane Horo Ya Dace Da Mai Ha'inci?

A ran 13 ga watan Janairu na 2020 shugaban hukumar wasan besbol ta Amurka, Rob Manfred, ya yanke hukunci a kan ƙungiyar Houston Astros ta jihar Texas, bayan bincike ya tabbatar ta yi maguɗi a shekarar 2017, shekarar da ta ɗauki babban kofin ƙasar. Har yau mutanen can ba su daina gardama a kan wannan hukunci ba. Mun ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu labarin, domin tambayar da ke cikinsa ta shafi duk mai riƙe da mudu a kasuwa da mai riƙe da alƙalami a ofis: idan an kama mai ha'inci, wa za a hora, kuma yaya za a yi da ribar da ya ci?

Yadda wasan yake

Shi besbol wasa ne na jifa da bugu. Mai jifa yana tsayawa nesa da mai bugu kamar mita 18, ya wurgo ƙaramar ƙwallo, shi kuwa mai bugu ya yi ƙoƙarin make ta da kulki. Saboda tsananin gudun ƙwallon, ba ta cika rabin daƙiƙa a hanya. Wani jifan yakan zo a miƙe da ƙarfi, wani ya zo da ɗan sanyi, wani kuma ya lanƙwasa a iska. To, duk dabarar mai jifa tana cikin ɓoye irin jifan da zai yi. A bayan mai bugu akwai abokin mai jifa a tsugune, watau mai cafke ƙwallo, shi ne ke nuna masa da yatsu, a ɓoye tsakanin cinyoyinsa, irin jifan da za a yi. Wannan ita ce ishara. Mai bugun da ya san ta tun da wuri, tamkar mai sayen kaya ne da ya riga ya ji farashin da dillali da mai kaya suka ƙulla a asirce.

Tun da daɗewa dokar wasan ta ƙyale ɗan wasan da ke cikin fili ya yi amfani da idonsa da basirarsa ya gane isharar abokan hamayya. Abin da aka hana shi ne shigo da na'ura. A watan Satumba na 2017, bayan an ci ƙungiyar Boston Red Sox tara saboda amfani da agogon hannu mai aika saƙo, Manfred ya aika wa dukan ƙungiyoyi 30 takardar gargaɗi, cewa duk wanda ya sake, shugabanninsa ne za su ɗauki alhaki.

Abin da aka aikata

'Yan Astros sun yi amfani da kamarar da ke can ƙarshen filinsu, wadda ke hango yatsun mai cafke ƙwallo. Hoton yana zuwa akwatin talabijin da aka ajiye kusa da wurin zaman 'yan wasa. Da zarar an gane ishara, sai wani ya doki garwar shara. In mai bugu ya ji ƙara, ya san jifa mai sanyi ko mai lanƙwasa ke tafe; in ya ji shiru, mai ƙarfi ne. Gargaɗin shugaban hukuma bai sa sun fasa ba. A ƙarshen shekarar suka doke Los Angeles Dodgers da ci 4 da 3 a wasanni bakwai na ƙarshe, suka ɗauki kofi.

Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A watan Nuwamba na 2019 wani mai jifa da ya bar ƙungiyar, Mike Fiers, ya tona asiri ga 'yan jarida, bai kuwa ɓoye sunansa ba. Hukuma ta saurari shaidu 68, cikinsu har da 'yan wasa 23.

Hukuncin da aka yanke

An ci ƙungiyar tarar dala miliyan 5, iyakar abin da tsarin mulkin hukumar ya yarda. An hana ta zaɓen sababbin 'yan wasa a zagayen farko da na biyu na 2020 da 2021. An dakatar da mai koyar da su, A. J. Hinch, da babban manaja, Jeff Luhnow, na shekara guda, sa'an nan mai ƙungiyar ya sallame su a ranar. Su kuwa 'yan wasan da suka dubi talabijin, suka doki garwa, suka ci moriyar ƙarar, ko ɗaya ba a hora ba, domin an riga an yi musu alkawarin afuwa muddin suka faɗi gaskiya. Kofi ma an bar musu.

Ba mu ƙi horon shugabanni ba. Rahoton ya nuna Hinch ya san abin da ake yi, har sau biyu ya lalata akwatin talabijin don nuna ƙinsa, amma bai tara yaransa ya ce su bari ba. Luhnow kuwa bai isar musu da takardar gargaɗi ba. Wannan darasi ne ga kowane shugaban ma'aikata: ƙin ɓarna a zuci ba ya wanke wanda ke da ikon hana ta da baki da hannu. Haka kuma hujjar Manfred tana da ƙamshin gaskiya, cewa in ba a yi afuwa ba babu mai buɗe baki, kuma ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa za ta iya rushe horon, tun da gargaɗi bai kai gare su ba.

Duk da haka, mu a ganinmu an bar jaki an doki taiki. Mu dubi lissafi. Kuɗin da 'yan Astros suka raba na cin kofi ya zarce dala miliyan 30, cikakken kaso ɗaya ya haura dala dubu 400. Tara kuwa miliyan 5 ce, kuma ba daga aljihunsu ta fito ba. Kowane ɗan kasuwa ya san tarar da ba ta kai riba ba, ta zama kuɗin fito kurum. Hinch kansa, da wa'adinsa ya cika a watan Oktoba na 2020, nan da nan ya sami aiki a Detroit Tigers.

Ina kuma waɗanda aka zalunta? Akwai wani mai jifa na Toronto, Mike Bolsinger, wanda 'yan Astros suka yi wa kaca-kaca a filinsu a watan Agusta na 2017. Tun daga ranar bai ƙara jifa a babban rukuni ba. Ya kai ƙara kotu a 2020, aka kori ƙarar. Tarar da aka ci ba ta mayar wa irinsu da komai ba.

Ma'aunin malamanmu

Mas'alar algus tsohuwa ce a wurin malaman fiƙihu, har akwai sura guda a Alƙur'ani, ta 83, wadda aka sa wa sunan masu tauye mudu. Shari'a ba ta ƙayyade haddi a kan algus ba, ta bar shi a babin ta'aziri, watau horon da shugaba zai auna daidai da laifi da mai laifi. Amma malaman Malikiyya sun nuna hanya. Sun ce kayan da aka yi wa algus, kamar madarar da aka surka da ruwa, ana iya karɓe su a rabar sadaka, don kada mai ha'inci ya mori ha'incinsa. Wanda kuwa ya mayar da abin al'ada, a fitar da shi daga kasuwa. Wanda aka cuta kuma yana da ikon mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Ke nan abu uku ne: horo ya taɓa hannun da ya aikata, a raba shi da ribar, a kuma dubi wanda aka cuta. Hukuncin 2020 ya gaza a dukan ukun.

Kada wani ya ce ƙwace kofi ba ya yiwuwa. An karɓe lambar zinariya daga Ben Johnson a wasannin Olimfik na Seoul a 1988, an kuma ƙwace kofuna biyu daga Juventus ta Italiya a 2006. A besbol ɗin ma, 'yan wasa takwas na Chicago White Sox da aka zarga da sayar da wasannin ƙarshe na 1919, an haramta musu wasa har abada a 1921, alhali kotu ta sallame su. In kuwa lalle sai an saye gaskiya da sassauci, to a sassauta wa wanda ya fara fitowa ya faɗa, sauran kowa ya ɗanɗana gwargwadon laifinsa. Afuwar da ta game kowa da kowa tana koya wa na baya cewa a yi tare, a tsira tare.

Hukumar ta gyara wasu abubuwa daga baya. A cikin 2020 ta sami ikon dakatar da ɗan wasa ba albashi saboda satar ishara da na'ura, a 2022 kuma aka yarda da wata 'yar na'ura mai suna PitchCom, wadda ke kai saƙo kai tsaye kunnen mai jifa ba tare da yatsu ba. Manfred da kansa ya yarda a 2023 cewa watakila ba da afuwar nan ba ta cikin shawarwarinsa mafi kyau. Sai dai kofin 2017 yana nan a Houston.

Saboda haka muna jan hankalin sarakunan kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da manyan ma'aikatan da ke zama a kwamitin ladabtarwa: kafin ku sa hannu a hukuncin mai ha'inci, ku fara lissafa abin da ya samu, ku tambayi a hannun wa zai kwana. Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya kuma ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.