Babba Juji Ne: Walwalar Zuciyar Shugaba a Wurin Aiki

Ilimin halayyar ɗan Adam, wato kimiyyar da ke nazarin tunani da ɗabi'u, ya shafe mafi yawan ƙarni na 20 yana bin diddigin abin da ke lalata hankali, kamar tsananin damuwa da fargaba, har zuwa shekarar 1998, lokacin da Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania ya zama shugaban ƙungiyar masana fannin ta Amurka, ya nemi a waiwayi abin da ke sa rayuwa ta yi albarka. Reshen da ya tsiro daga wannan kira, wanda za a iya kira ilimin walwalar zuciya, yana auna farin ciki da godiya da natsuwa da kyakkyawan fata da ma'aunin bincike, ya kuma gwada ko ana iya renon su kamar yadda ake renon shuka.

Tambayar ta fi matsawa a kan masu riƙe da ragamar jama'a. A Ikara da Makarfi da Kudan, shugaban wurin aiki shi ne hedimastan firamare, da jami'in da ke kula da asibitin sha-ka-tafi, da sakataren ilimi a Hunƙuyi, da shugaban ƙungiyar manoman tumatir ko ta masu rake da mazarƙwaila. Irin wannan mutum yana tsakanin guduma da uwar maƙera, domin umarni na sauko masa daga Kaduna, koke na hawo masa daga na ƙasa, alhali ba shi ne ke yanke albashi ko ɗaukar ma'aikata ba. Sa'ad da ƙwarin tumatir suka cinye gonaki a 2016 har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, da kuma sa'ad da malaman firamare fiye da dubu 21 suka faɗi jarrabawar cancanta ta 2017 aka sallame su, ƙananan shugabannin nan ne suke ido da ido da mutanen da abin ya shafa. Hausawa sun ce babba juji ne, sai dai karin maganar bai faɗi inda shi jujin zai kai tasa sharar ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wa ƙosawa da aiki, wadda irin wannan nauyi kan haifar, alamomi uku: ƙarewar kuzari, da tsanar aikin ko nisantarsa a zuci, da raguwar ƙwazo.

Barbara Fredrickson ce ta fi kowa bayyana amfanin daɗin rai, a wani ra'ayi da ta gabatar a 1998 wanda ake kira faɗaɗawa da ginawa. Tsoro da fushi suna ƙuntata tunani zuwa abu guda, gudu ko faɗa, wanda ke da amfani a gaban maciji amma yake ɓata shawara a taron ma'aikata, yayin da natsuwa da sha'awa ke buɗe ido ga hanyoyi da yawa, kuma abin da mutum ya tara a irin wannan hali, na abota da sani da ƙarfin jiki, shi zai ci a ranar wuya. A gwajin da ta yi da Robert Levenson, an nuna wa mutane fim mai firgitarwa, sannan aka bi shi da wani, aka ga bugun zuciyar waɗanda suka kalli mai sanyaya rai ko ban dariya ya fi saurin komawa daidai. Halin ba ya tsayawa ga mai shi kaɗai, domin Sigal Barsade ta nuna a 2002 cewa yanayin mutum guda yana yaɗuwa ga rukunin da yake ciki har ya shafi haɗin kansu, abin da ke ƙara wa maganar shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma nauyi a bakin ofis.

Hanyoyin renon ba su da tsada. A binciken Seligman da abokansa na 2005, waɗanda suka riƙa rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai kowane dare na mako guda, tare da dalilinsu, sun nuna ƙarin farin ciki da raguwar damuwa har bayan wata shida. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, tunda amsar "yaya aiki" ita ce "da godiya", kuma halaye goma na mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya, ya wallafa a 1974, cikinsu har da haƙuri da karamci da adalci da hikima, sun riga jerin halaye 24 na Christopher Peterson da Seligman da shekara 30. Bambancin shi ne binciken yana neman godiya mai suna: wane malami ne ya tsaya bayan tashi, wace ungozoma ce ta kwana a bakin aiki, sannan a faɗa wa mai ita.

Amma gaisuwar da ke koyar da godiya ita ce kuma ke amsa "ina gajiya" da "ba gajiya", ko da mutum na gab da faɗuwa, kuma kunya kan hana shugaba cewa ya gaji, don kada a ce ya gaza. Wannan ɓoyo ba walwala ba ce, kuma abin takaici ne a ga mutanen kirki suna cinye kansu a cikinsa. Fannin kansa ya taɓa zarce gona da iri, domin lissafin da Fredrickson da Marcial Losada suka fitar a 2005, wai sai daɗin rai ya ninka ɓacin rai kusan sau uku kafin mutum ya bunƙasa, Nick Brown da Alan Sokal da Harris Friedman sun rushe shi a 2013. Rubuta alheri uku ba ya biyan bashin albashi, ba ya raba aji mai cunkoso biyu, kuma shugaban da barci da cin abinci suka ƙaurace masa makonni likita yake buƙata, ko a asibitin koyarwa na Shika ko a na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanar da sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙinsa na neman wannan kulawa ba tare da tsangwama ba.