In ido da kunne suka saɓa: jirin tabaron kwamfuta

Mutum ba ya tsayuwa da ƙarfin ƙafa kaɗai. Shaidu 3 ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labari a kowane lokaci. Na farko shi ne ido. Na biyu kunnen ciki: can cikin ƙashin kai, dama da hagu, akwai ƴan kafofi 3 masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu ƴan tsakuwoyi ƙanana ƙwarai. In kai ya juya ko ya karkata, sai su motsa, jijiya ta kai labari. Na uku tafin ƙafa da tsoka da gaɓoɓi, masu jin inda nauyin jiki ya rinjaya. In bakin shaidun nan ya zo ɗaya, mutum ya tsaya kyam, ko da tulu a kansa.

Ido yana da rinjaye babba. A shekara ta 1974, a birnin Edinbara na ƙasar Birtaniya, masana biyu, David Lee da Eric Aronson, sun tsayar da yara masu koyon tafiya cikin wani ɗaki wanda ake iya motsa bangonsa ba tare da an taɓa daɓensa ba. Da aka matsa bangon, sai yaran suka yi tangaɗi, waɗansu har suka faɗi, alhali ƙasa ba ta motsa ba.

Haka tabaron kwamfuta yake yi wa babba. Wata na'ura ce da ake ɗaurawa a fuska, ta rufe idanu ruf, ta nuna wa mutum wani wuri kamar yana cikinsa. Daga shekara ta 2016 ta yawaita a kasuwannin duniya, ana wasa da ita, ana kuma koyar da aiki. Ido ya ce ana gudu, kunne da ƙafa su ce ana tsaye. Sai jiki ya karkata don ya tare motsin da babu shi. Daga nan jiri, da tashin zuciya, da zufa mai sanyi, da ciwon kai. Ko an cire tabaron, tangaɗin yakan ɗan jima kafin ya wuce.

Wanda ya taɓa yin amai cikin mota ya san irin wannan saɓani, amma a juye: kunne ya ce ana tafiya, ido kuwa yana kallon bayan kujera, ya ce ana zaune. A 1977 wani masani, Michel Treisman, ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar saɓanin kamar alamar an ci guba, shi ya sa take tayar da amai.

Ga abin da ya kamata mai sa tabaron ya kiyaye:

1. Ya fara a zaune, na ƴan mintoci kaɗan.
2. Ya nisanci wuta, da rijiya, da matakala. Wani ya tsaya kusa da shi.
3. Da ya ji jiri, ya cire, kada ya daure.
4. Kada ya tuƙa babur ko mota, kada ya hau bisa, sai kansa ya daidaita sarai.
5. Mai farfaɗiya, da mace mai ciki, da tsoho su fara neman shawarar ma'aikacin lafiya.

Jirin da ya zo ba mota ba tabarau, ko wanda ya kwana bai wuce ba, wannan kam a kai shi likita. Rigakafi ya fi magani.