Tsohuwar Rolls-Royce da Sabon Inji: Gyara ne ko Ɓarna?

A wannan fitowar zancen mota za mu yi, kuma ba irin tamu ta ɗalibai da sai an tura ta in sanyi ya yi yawa ba. Ina nufin manyan motocin alfarma na Ingila, irin waɗanda mai su ke hakimcewa a baya direba na ja. Wani yayi ya shigo a 'yan shekarun nan: a ɗauko tsohuwar Rolls-Royce, a cire mata injinta na asali, a sa mata na zamani. Masoya tsofaffin motoci sun rabu biyu a kan haka, ni ma ina da ta cewa.

Mu ɗauki Phantom V. Daga 1959 zuwa 1968 aka ƙera ta, tsawonta wajen mita 6, injinta V8 mai lita 6.2. Sarauniya Elizabeth ta hau ta, John Lennon ma ya mallaki ɗaya, wadda aka yi wa fenti kala-kala a 1967. A 2020 kamfanin Lunaz da ke Silverstone ya fito da wata ƙirar 1961 da ya mayar mai aiki da lantarki. Ya sa mata batir mai ƙarfin kWh 120, ya ce caji ɗaya zai kai ta mil 300. An ƙara mata na'urar sanyaya ɗaki, da intanet, da sabon birki, amma daga waje sai ka rantse ba a taɓa ta ba. Kuɗin kuwa daga fam 500,000 ya fara. Ka ji fa!

Da farko mutum zai ce ai dokar hayaƙi ce ta jawo. To ba haka ba ne. Gaskiya ne tun Agustan 2023 harajin ULEZ ya game duk unguwannin Landan, fam 12.50 a rana ga motar da hayaƙinta ya wuce ƙa'ida. Amma motar da ta haura shekara 40 kuma aka yi mata rajistar kayan tarihi ba ta biya. Ka ga ke nan mai Phantom ta 1961 ba gudun haraji yake ba. Abin da yake so shi ne ya murza makulli ta tashi, ba tare da kwana a garejin bakanike ana neman kayan gyaran da aka daina yi ba.

Masu adawa ma suna da hujja. A 2019 ƙungiyar FIVA, wadda ke kula da harkar tsofaffin motoci a duniya, ta fito ta ce motar da aka mayar ta lantarki ba ta cikin motocin tarihi a wurinta. Kuma ka tuna motocin nan 'yan ɗaruruwa aka yi, ba za a sake yin wasu ba. Duk wadda aka yanke aka yi wa walda, shi ke nan ta tafi.

Ni dai ga inda na tsaya. Me Rolls-Royce take taƙama da shi tun farko? Shiru. A wata shahararriyar tallarta ta 1958 cewa aka yi in tana gudun mil 60, ƙarar agogon cikinta ce ta fi komai tashi. Motar da aka gina don kada a ji injinta, in ka sa mata lantarki ba ka ci amanarta ba. Wannan daban yake da abin da Ringbrothers na Amurka suka nuna a 2023, inda suka dasa injin Chevrolet mai ƙarfin doki 640 a cikin Silver Cloud II ta 1961. Aikin ya yi kyau, ba musu, amma kamar ka naɗa wa dattijo rawani ne ka ce ya shiga tseren gudu.

Sharaɗina ɗaya ne: a yi aikin yadda za a iya warware shi. Kamfanin Electrogenic da ke kusa da Oxford ya mayar da Phantom II ƙirar 1929 ta ɗan fim Jason Momoa zuwa lantarki, ya kuma ce an yi shi ne ta yadda za a iya maido da tsohon injin mazauninsa. Haka ya kamata. A ajiye injin, a shafe shi da mai, a bar wa na baya zaɓi.

Kada ku ce abin bai shafe mu ba. Wanda ya taɓa zuwa hutu Kano ya san fadar Sarki na da tsofaffin Rolls-Royce. Wata rana kayan gyaransu za su gagara, tambayar nan kuma za ta iso ƙofar fada: a rufe su a gareji suna shan ƙura, ko a sauya inji su ci gaba da fita? Ni na zaɓi su fita, muddin ba a kai tsohon injin wurin 'yan gwangwan ba.

Ku fa, me kuka gani? Ku rubuto mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.