Ɗan Giɓin da Magani ke Aiki a Cikinsa

Duk ɗalibin harhaɗa magunguna da ya zo mini yana kukan yawan sunayen magunguna, nakan ce ya ajiye hadda tukuna, ya fara sanin yadda jijiya ke isar da saƙo.

Ƙwaƙwalwa da laka su ne cibiya. Daga gare su jijiyoyi suka bazu cikin jiki: wasu na kawo labarin zafi da sanyi, wasu na kai umarni ga tsoka, wasu kuma na tafiyar da zuciya, huhu da hanji ba da saninmu ba. A ƙwaƙwalwa kaɗai akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma saƙo kan yi gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya.

Sai dai ƙwayoyin nan ba a manne suke ba, akwai ɗan giɓi tsakaninsu. Saƙo yana zuwa a matsayin lantarki, in ya iso bakin giɓin sai jijiya ta saki wani sinadari ya yi masa fito zuwa ɗaya gefen. A 1921 Otto Loewi ya tabbatar da haka a ƙasar Ostiriya. Ya motsa jijiyar da ke rage bugun zuciyar kwaɗo, ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta rage gudu. Sinadarin nan shi ne asetilkolin, kuma a 1936 Loewi da Henry Dale suka samu kyautar Nobel a kansa.

Wanda ya taɓa ganin yaron da ya sha fiya-fiya ya ga wannan darasi ƙuru-ƙuru. A ka'ida, da asetilkolin ya isar da saƙo, wani sinadarin yake wargaza shi nan take. Gubar ta hana wannan wargazawa, sai saƙo ya yi ta maimaituwa ba tsayawa. Yawu na dalala, zufa na tsiyaya, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina, zuciya ta yi sanyi. Allurar atrofin tana toshe wasu daga cikin wuraren da asetilkolin ke sauka, shi ya sa ƙirji ke bushewa, bugun zuciya ya dawo.

Haka abin yake ga mai asma. Salbutamol yana motsa wuraren da ke buɗe hanyar iska, furofuranolol na hawan jini kuwa yana toshe su. Wanda ya san haka ba zai miƙa wa mai asma furofuranolol ba sai ya tuntuɓi likita.

Ɗalibai, duk maganin jijiya da kuka ɗauka, ku tambayi kanku wane sinadari yake taɓawa, ƙara shi yake ko toshe shi, kuma a wace gaɓa. Ran majinyaci amana ce a hannunku, hadda kaɗai ba za ta riƙe ta ba.