Mai Zayyana a Birnin Kano da Inda A Ke Ganin Aikinsa

A ƙasashen Turai, idan mai zane ya gama aikinsa ya kan sa sunansa a gindinsa, ya rataye shi a wani zaure da aka keɓe domin haka, mutane su zo su duba, mai so ya saya. Wanda ya shiga birnin Kano da wannan ma'auni, ya bi lunguna daga Kasuwar Kurmi zuwa Gabari yana neman irin wannan zaure, ya yiwu ya fito yana cewa babu masu zane a cikin ganuwa. Alhali kuwa suna nan tun da daɗewa. Sunansu masu zayyana, kuma suna da nasu wuraren nuna aiki, da nasu masu kallo, da tasu hanyar samun abinci. Wannan takarda za ta bayyana yadda sana'ar ta ke, da yadda aikin ya ke isa ga jama'a.

1. Asalin sana'ar

Kalmar zayyana daga Larabci ta ke, ma'anarta ƙawatawa. A bakin malaman Kano tana nufin adon da a ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu, da kuma adon allon sauka. Saboda haka mai zayyana ɗan makarantar allo ne tun fari. Ya kan fara da babbaƙu da farfaru kamar kowane yaro, ya wanke allo ya sake rubutawa shekara da shekaru, har hannunsa ya faɗa. Daga cikin waɗanda hannunsu ya yi kyau a ke samun marubuta, daga cikin marubuta kuma a ke samun masu zayyana. Wani ya kan haɗa duka biyu, wani kuwa ya rubuta ya miƙa wa wani ya yi adon.

Sana'ar ta zauna da gindinta a Kano ne domin gari ne na ilmi da ciniki gaba ɗaya. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda a ke danganta kafa Kasuwar Kurmi gare shi, malamai da littattafai su ke shigowa tare da ayari. Takarda ma ta wannan hanya ta ke zuwa. Sa'ad da Bature Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya lissafa takarda cikin hajar da a ke kawowa daga arewa. Da yawa daga cikin tsofaffin littattafan ƙasar Hausa an rubuta su ne bisa takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ta ke ƙetaro Sahara ta Tarabulus. Abin da ya sha wannan tafiya ba shi araha, don haka ba a ba da shi ga wanda hannunsa ke rawa.

2. Aikin kansa

Wanda ya buɗe Alƙur'ani rubutun Kano zai ga launi tun kafin ya kai ga zayyana. Baƙaƙe da baƙar tawada a ke rubuta su, wasula da ja, hamza da rawaya, alamar alifin sadarwa kuwa da kore. Wannan tsari na ƙira'ar Warshu ne, wadda ita ce aka gada a nan da kuma ƙasashen Magrib. Watau kowane launi yana da aikin da ya ke yi wa mai karatu. Haka kuma ƙananan alamomi: akwai ta ƙarshen aya, akwai humusa a kan aya ta biyar, akwai kuri a kan ta goma. A gefen takarda kuma a kan zana da'ira mai ado a wurin izu, da nusufi, da rubu'i, da sumuni, da wurin sujada. Izu sittin ne, ga kuma rabe-rabensu, sai mai karatu ya ƙiyasta yawan da'irorin da ke jiran mai zayyana, kuma gwani ya kan yi ƙoƙari kada biyu su zama iri ɗaya.

Babbar zayyana kuwa, mai cin rabin shafi ko shafi ɗungum, a wurare huɗu a kan sa ta, watau farkon kowane kashi huɗu na Littafin: wajen Fatiha, da A'arafi, da Maryam, da Sadi. A nan ne gwaninta ta ke fitowa. Siffofin duk na lissafi ne, murabba'i cikin murabba'i, da layuka masu saƙa da juna, da da'irori, domin ba a zana mai rai a irin wannan wuri. Wanda ya lura zai ga danginsu a ɗinkin babbar riga, da aikin dukawa, da zanen da magina su ke yi a fuskar soro. Ido ɗaya ne ya ke aiki a kan takarda da fata da bango.

3. Ranar sauka

Alƙur'ani rubutun hannu ba kowa ke ganin cikinsa ba. Warƙoƙinsa a sake su ke, a kan sa su cikin tadarishi, a sa cikin gafaka, a rataye. Wurin da aikin mai zayyana ya ke fita fili sosai shi ne ranar sauka. Idan yaro ko yarinya sun kusa kai ƙarshen karatu, iyaye su kan sa a yi musu allo na musamman. A tsakiyarsa a rubuta Fatiha da ayoyin farko na Baƙara, a kewaye rubutun da zayyana mai launi, a kan kuma rufe kan allon da fata. A ranar, mai sauka ya kan karanta abin da ke jikin allon a gaban malaminsa da iyaye da maƙwabta, a yi addu'a, a raba sadaka. Sa'an nan ya ɗauki allon ya zaga gidajen dangi, ana dubawa, ana sa albarka, ana ba shi kyauta.

Idan aka auna wannan da zauren Turai, za a ga bambanci uku. Na farko, aikin ne ke zuwa wurin masu kallo, har ya shiga cikin gida inda matan kulle su ke. Na biyu, an riga an biya mai zayyana kafin kowa ya gani, domin aikin saƙo ne. Na uku, yabon ranar na mai sauka ne da malaminsa. Wanda ya yi adon galibi bai sa sunansa ba. Amma fa ba ya rasa ladansa, gama uwar da ta ga allon ya yi kyau za ta tambayi inda aka yi shi, domin nata ɗan yana tafe. Da haka sunansa ke yawo a unguwa baki da baki.

4. Sharu Bala Gabari da injin ɗab'i

A tsakiyar ƙarni na 20 aka sami wani sabon abu. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da hukumar NORLA wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, da ƙananan maɗaba'u na Kano, sun shiga buga littattafan Larabci da ajami ta hanyar ɗaukar hoton rubutun hannu. Dalili kuwa shi ne, almajirin da ya tashi da rubutun gida ba ya sakewa da haruffan gabas. Maimakon inji ya kashe marubuci, sai ya zama shi ne mai yaɗa hannunsa.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Sharif Bala, wanda a ke kira Sharu Bala Gabari, da sunan unguwarsu a cikin birni. An buga Alƙur'anai da ya rubuta, suka bazu a kasuwannin Nijeriya ta Arewa, har hannun mutum ɗaya ya zama abin da ɗimbin almajirai su ke kallo kowace safiya, su ke kuma kwaikwaya a allunansu. Andrea Brigaglia, cikin binciken da ya wallafa a 2011 game da rubutun Kanawa, ya nuna yadda wannan irin ɗab'i ya yaɗa salon Kano nesa da ganuwarta. Da wuya a sami mai zanen zamani a ƙasar nan wanda aikinsa ya shiga gidaje da yawa kamar haka.

5. Abin da ya shafi malamai

Masana na waje sun daɗe da lura da wannan fasaha. David Heathcote ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976, Salah Hassan kuma ya wallafa littafi a kan fasaha da ilmin Musulunci a ƙasar Hausa a 1992. A Sudan, Ibrahim El-Salahi ya gina zanensa na zamani bisa harafin Larabci da ya tashi da shi a makarantar mahaifinsa. A gida kuwa, tun da aka komo da sashen koyar da zane na kwaleji Zariya a 1955, darasin zane ya fi bin tafarkin Turai, allon zayyana kuma ya tsaya a tsangaya.

Ga shi kuma kasuwar ta canja. Tun da aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984, Alƙur'ani bugun inji ya yawaita ƙwarai, kwamfuta kuma tana iya fitar da adon allo cikin ɗan lokaci. Sana'ar da a ke koyo da zama kusa da gwani, idan saƙo ya yanke, magaji ya kan nemi wata.

Saboda haka akwai aiki biyu a gaban malamin kwalejin horon malamai. Ɗaya shi ne ya kawo allon zayyana aji, ɗalibai su warware tsarinsa da ma'auni, domin darasin zane ne da na lissafi a haɗe. Ɗaya kuma shi ne ya aike su unguwanninsu lokacin hutu, su nemi allunan sauka da ke rataye a ɗakunan iyaye, su tambayi shekarar da aka yi kowanne da sunan wanda ya yi shi, su rubuta. Tsofaffin da su ka biya kuɗin waɗannan alluna su ne kaɗai su ka san amsar, kuma ya kamata a tambaye su tun suna nan.